Darasi na 14: Kiyaye Tsofaffin Gine-gine da Unguwanni ta Hannun Kwamitin Gari

Manufar darasi

Ana so wanda ya karanta wannan darasi ya fahimci dalilin da ya sa ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da mai kula da shi, ya san hukumomin da doka ta ɗora wa tsaron wuraren tarihi, ya kuma iya bayyana yadda mutanen gari kamar Kajiji za su kafa kwamitin kansu, da aikin da zai yi, da iyakar da ba zai ƙetare ba.

Ƙasar da muke zaune a kanta

Duk wanda ya shiga mota daga Kajiji ya nufi birnin Sakkwato, ya ratsa Shagari, ya bar Yabo a gefe, ya wuce ta Boɗinga, to, ko ya sani ko bai sani ba, ya keta ƙasar da aka tsara sha'anin daular Usmaniyya a cikinta tun Sakkwato ba ta gama kafuwa ba. Domin kuwa bayan da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya taso daga Gwandu ya sauka Sifawa wajen 1810, ya zauna can kimanin shekara 5 yana karantarwa yana wallafa littattafai, almajirai suna ta kwararowa gare shi daga ko'ina, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya cika a 1817. A zaman Sifawa ne, cikin 1812, ya raba ɗawainiyar jama'a, ya danƙa gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, ya danƙa yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi, wanda Boɗinga ce mazauninsa a lokacin. Yabo kuwa garin Muhammadu Moyijo ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya wa Shehu tun farkon jihadi. Shagari kuma, a namu zamanin, ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, shugaban Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, kuma a can aka yi masa sutura a watan Disamba na 2018.

Waɗannan al'amura ba a sarari suka auku ba: a wani zaure aka zauna aka yi shawara, a wani masallaci aka yi salla, daga wata rijiya aka ɗebo ruwan alwala da na tawada. Abin da magabata suka rubuta ya iso gare mu lafiya, saboda littafi idan ya tsufa akan sami mai juya shi a sabuwar takarda, shi ya sa har yau ake karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi. Amma gini ba ya juyuwa. In ya faɗi, ya faɗi ke nan, ko da kuwa an tayar da wani a gurbinsa wanda ya fi shi tsawo da ƙawa. Saboda haka ya wajaba ga mutanen kowane gari su san wanda alhakin tsofaffin gine-ginensu yake wuyansa, tun gine-ginen suna tsaye.

Yadda ginin ƙasa yake rayuwa

Idan magini zai tayar da soro irin na gado, yakan sa a haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa har ta haɗu, a bar ta kwanaki ta tsima, sa'an nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya bushe. Ran gini sai ka ga magini a bisa bango ya ware ƙafafu kamar mahayin doki, yaronsa yana ƙasa yana jefa masa tubali da curin kwaɓi, shi kuwa yana cafewa yana jerawa, bangon yana da kauri a gindi yana ƙara sirancewa yayin da yake tashi. In an kai wurin rufi sai a kawo azara, wadda ake tsagawa daga giginya saboda gara ba ta cika cin ta ba, kuma tun da azara ɗaya ba ta iya ƙetare ɗaki mai faɗi, sai gwanaye su riƙa ɗora ta hawa-hawa suna ɗaurewa suna lulluɓewa da ƙasa, har bakan gizo ya fito ta kowane gefe, su haɗu a tsakiya su zama daurin guga. A saman nan ake shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daɓe, a fitar da rawani da zankwaye, a kafa indararo.

Babban abokin gabar wannan gini ruwa ne, shi ya sa magabata suka nemo masa magani iri biyu. Na farko makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa ta a haɗa da ƙasar yaɓe. Na biyu laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin da majema suke kankarewa daga fatu da ruwan dafara, a shafe rufi da shi ya hana ruwa shiga. A lura da wannan da kyau, domin yana nuna cewa soro guda yana dogara da sana'o'i da dama: idan marina ta mutu babu katsi, idan aka sare giginya ba a dasa wata ba babu azara, idan ɗorawa ta ƙare a gonaki babu makuba.

Duk da wannan dabara, ba a taɓa yin ginin ƙasa da niyyar a gama shi a juya masa baya ba. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an hau an duba, an share indararo, an cike tsaga, an sabunta yaɓe inda ya zaizaye. Indararo guda da ya toshe da shara ko sheƙar tsuntsu ya isa ya sa ruwa ya kwana a kan soro, ya jiƙa azara, ya kayar da abin da ya shekara 100 a tsaye. Ashe ke nan tsufan ginin ƙasa shaida ne na cewa an yi ta samun masu kula da shi, uba ya bar wa ɗa, ba tare da an sami yankewa ba.

Tsarin da, da abin da ya same shi

A zamanin da, wannan kula tana da tsari. Akwai Sarkin Magina, wanda yake shugabantar masu sana'ar, yake amsa kiran fada idan masallaci ko ƙofar gari ko gidan sarki yana bukatar gyara. Mafi shahara cikinsu shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Ganuwa kuwa akan raba ta kashi-kashi, kowace jama'a da ɓangaren da za ta gyara da rani, ko da yake ba za a ɓoye ba cewa da yawan wannan aiki na tilas ne, bayi da talakawa ne suka ɗauki nauyinsa.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, yaƙi tsakanin garuruwa ya ƙare, sai ganuwa ta rasa amfanin da aka gina ta dominsa, aka daina gyaranta, mutane suka shiga ɗibar ƙasarta suna gina gidaje. A yau wanda ya je Sakkwato zai ji ana faɗin Ƙofar Kware da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku, amma in ya nemi ganuwar da Muhammadu Bello ya fara a 1809 ta haɗa su, sai ya tarar gidaje da tituna sun cinye mafi yawanta. A Kano, inda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa tun wajen ƙarni na 12, an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa hanya. A Zariya, ranar wata Juma'a cikin watan Agusta na 2023, wani sashe na rufin masallacin Babban Gwani ya rufta a kan masu sallar La'asar, aka yi hasarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Wannan musiba ta tabbatar da cewa tsohon ginin da ba a duba lafiyarsa a kai a kai haɗari ne ga bayin Allah, kuma kiyaye rai yana gaba da kiyaye gini.

Banda sakaci da rushewa, akwai hanya ta uku da tsohon gini yake halaka, ita ce gyaran gangar auzinawa. Mutum mai kyakkyawar niyya yakan ga bangon masallacin unguwarsu ya zaizaye, ya sayo siminti ya sa a shafe shi. Shekara ɗaya ko biyu abin yana sheƙi, alhali ƙasa da siminti ba sa miƙewa da takurewa tare in zafi da sanyi suka sauya, sai siminti ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya kasa fita, bango ya yi ta narkewa daga ciki ba mai gani, har ranar da ɓawon zai ɓare a ga rami. Ginin ƙasa da ƙasa ake gyara shi.

Abin da malamai suka karantar

Malaman tarihi sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Zubairu ya sake ginin Ka'aba a kan harsashin Annabi Ibrahim, alaihissalam, sa'an nan Hajjaju ɗan Yusufu ya mayar da ita yadda Ƙuraishawa suka gina ta. Da wani halifa daga Abbasiyawa ya yi nufin ya sake rushewa ya mayar da ginin ɗan Zubairu, sai ya nemi fatawar Imamu Malik, shi kuwa, ko da yake ya san ɗan Zubairu yana da hujja daga hadisi, sai ya roƙe shi ya bar ta yadda take, don gudun kada Ɗakin Allah ya zama abin wasan masu mulki, kowa ya hau ya rushe ya gina, har kwarjininsa ya fita daga zukatan mutane. Wannan ita ce ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wadda mazhabarmu ta Malikiyya ta shahara da ita. Babu ginin da za a daidaita da Ka'aba, amma hikimar fatawar ta game ko'ina: abin da yake na al'umma ne, na waɗanda suka shuɗe da waɗanda ba a haifa ba, bai kamata makomarsa ta rataya ga son ran mutum guda ba, kome ikonsa, kome kyan niyyarsa.

Fiƙihu ya tanadi wasu ƙofofin kuma. Akwai hubusi, watau waƙafi, inda mutum yake tsare gida ko gona don amfanin jama'a, ba a sayarwa, ba a bayarwa kyauta, ba a gado. Akwai harimi, watau filin da ake bari kewaye da rijiya ko hanya, wanda ba a yarda wani ya gine shi ba. Akwai kuma aikin hisba, wanda a biranen Musulmi na da ya haɗa da tilasta wa mai bangon da ya karkata ya gyara ko ya sauke shi kafin ya faɗa wa masu wucewa.

Wasu 'yan'uwa suna tsoron kada kula da wurin tarihi ya kai jahilai ga wuce gona da iri wajen girmama shi. Tsoron nan yana da tushe, kuma maganinsa shi ne malamai su kasance cikin aikin tun daga farko, su bayyana cewa manufa ita ce ilimi da i'itibari, kamar yadda Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a wurare da yawa a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata. Wanda ya tsaya a kufan Alƙalawa, ko a gaban ganuwar duwatsu ta Surame, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, ya sami wa'azi a kan ƙarewar mulki wanda ba kowane mai wa'azi ne zai iya yi masa ba.

Hukumomin zamani

Gwamnati ta fara sa hannu a wannan sha'ani a 1943, lokacin da aka ɗora wa wani Bature malamin zane, Kenneth Murray, aikin binciken kayan tarihi. A 1953 aka yi dokar kayan tarihi, a 1979 kuma doka mai lamba 77 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda take da alhakin wuraren da aka ayyana a matsayin na ƙasa baki ɗaya, irin su Surame, da aka ayyana a 1964, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da Gidan Makama na Kano. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi da al'adu mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu, babban masanin tarihin daular nan wanda ya rasu a 1997, inda ake adana rubuce-rubuce da kayan magabata. Amma fa waɗannan hukumomi manyan wurare suke iya riƙewa. Ba za a sa ran ma'aikaci ya taso daga Abuja ya share indararon wani zaure a Kajiji ba.

Shi ya sa birane da yawa a duniya suka kafa kwamitin kansu. A birnin Niyok na Amurka an fara rushe babbar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a 1963, jama'a suna kuka ba doka da za ta hana, sai baƙin cikin abin ya sa aka yi doka a 1965 wadda ta ba wata hukumar birni mai mutum 11 iko, cikinsu akwai masu zanen gini, da masanin tarihi, da dillalin gidaje, da mazaunin kowace gunduma. Duk ginin da ta sa a rajista, ko unguwar da ta keɓe, ba a rushewa ko sauya fuskarsa sai da izininta, kuma a 1978 kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar mata da wannan iko a shari'ar tashar Grand Central. Kusa da mu kuwa, tsohon birnin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013, da unguwanninsa da fadar Sarkin Abzin da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa mai tsawon mita 27. A Jenne ta ƙasar Mali, kowace shekara gari duka yake fitowa, maza suna kwaɓi, mata suna kawo ruwa, magina suna bisa, a yaɓe babban masallaci a gama. Sai dai a can ma an ji koken mazauna tsohon gari cewa ƙa'idoji sun hana su gyara gidajensu yadda rayuwar yau take bukata, kuma wannan koke abin lura ne ga duk mai son kafa kwamiti.

Kafa kwamitin gari

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da maƙabartu da kasuwanni da raɗa wa tituna suna, dokar filaye ta 1978 kuma ta sa filayen karkara a hannunsu. Saboda haka majalisar ƙaramar hukuma, kamar ta Shagari ko ta Boɗinga, tana iya yin ƙaramar doka ta kafa kwamiti, bisa shawara da uban ƙasa da hakimai, don kwamitin ya sami ƙarfin hukuma da albarkar sarauta gaba ɗaya. Ya kamata a sa wakilin uban ƙasa, da limami ko wani malami masanin fiƙihu, da dattijon magini, da ma'aikacin sashen ayyuka, da malamin makaranta mai riƙe rubutu, da wakilin 'yan kasuwa, da na matasa, da dattijuwa ko biyu, domin tarihin cikin gida da na rijiyoyi yawanci a bakin mata yake. Aikin kwamitin huɗu ne.

Na farko, rajista. A zaga gari unguwa-unguwa a rubuta kowane abu mai tarihi: masallaci, zaure, makarantar allo, ragowar ganuwa, rijiya, maƙera, marina, maƙabarta, filin idi, har da tsohuwar tsamiya ko kuka da ake zama ƙarƙashinta. A auna tsawo da faɗi, a ɗauki hoto da waya, a rubuta wanda ya mallaka, a kuma ɗauki bayanin dattawa tare da faɗin wanda ya ba da shi, kamar yadda malaman hadisi suke kiyaye isnadi. A ajiye kwafi a gidan uban ƙasa da sakatariya, a aika wani cibiyar tarihi ta jiha.

Na biyu, rarrabewa. Ba kowane tsohon bango ne ya cancanci a tsare shi ba. Daraja ta ɗaya ita ce ta abin da ba a rushewa sam. Ta biyu ita ce ta abin da ake kiyaye fuskarsa, a bar mai shi ya sauya ciki. Ta uku ita ce ta abin da ya isa a auna, a ɗauki hotonsa, a rubuta labarinsa, sa'an nan a ƙyale mai shi.

Na uku, izini. Wanda zai rushe ko ya sauya abin da yake cikin rajista sai ya sanar, a ba da wa'adi sananne, misali kwana 60, a saurare shi a bainar jama'a, a rubuta hukunci da dalilinsa, kuma ya sami inda zai ɗaukaka ƙara. Wannan ƙa'ida ta hau kan kowa, har da ita kanta hukuma in za ta fitar da titi, har da attajirin da zai sabunta masallaci don neman lada. Wajen unguwa kuma, abin kiyayewa ya haɗa da zubin lunguna, da dandalin ƙofar fada, da hanyoyin ruwa, da sunayen wurare, domin maƙwabcin da ya cike ƙofar gidansa ya tura ruwa gindin tsohon bango ya rushe shi ko bai taɓa shi da hannu ba.

Na huɗu, gyaran shekara, wanda shi ne ruhin aikin duka. A sa rana da bazara, kafin ruwa ya sauka, a yi gayya. A kafa asusu da gudummawar jama'a da 'yan gari mazauna birane, a riƙa karanta lissafinsa a fili. A biya dattawan magina su koya wa samari, a dasa giginya da ɗorawa. Kwamitin da ya iya hani bai iya gyara ba, kango zai tara wa gari.

Misalin zaman kwamiti

A ƙaddara wasu magada sun gaji gida mai tsohon zaure a bakin hanya, inda kakansu ya yi shekaru yana karantarwa. Babbansu ya zo gaban kwamiti ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, mu bakwai ne a gidan nan, ga marayu. Zauren nan ba ya ba mu ko sisi, kullum damina sai ya ci mana kuɗi. So muke mu sauke shi mu fitar da shaguna."

Wakilin uban ƙasa ya juya ga limami ya ce, "Allah shi gafarta malam, me shari'a ta ce?" Limami ya amsa cewa gida milkinsu ne, ba ya halatta a hana su amfanin dukiyarsu ba tare da musanya ba, balle akwai haƙƙin marayu. Aka tambayi magini, ya ce, "Na hau na duba. Azara uku ce ta ruɓe ta gabas, sauran lafiya lau. Kafin ruwa ya sauka sai in gama."

Daga nan aka daidaita: zaure ya tsaya, asusun kwamiti ya sayi azara, samarin unguwa su yi yaɓe, a fitar da shaguna ta katangar gefe, masu makarantar dare kuma su riƙa karatu a zauren suna biyan ɗan abin haya. Da magadan sun ƙi, kwamiti kuma ba shi da abin saye ko musanya, to, ba shi da ikon danne su. Sai ya auna, ya ɗauki hoto, ya rubuta, ya ba da izini. Zalunci ba ya zama halal don an yi shi da sunan tarihi, kuma mutanen da suka ga an cuci maƙwabcinsu za su riƙa rushe nasu da dare kafin a zo rubutawa.

Taƙaitawa

Ginin ƙasa yana tsayuwa ne da gyaran shekara-shekara. Tsarin da yake ɗauke da wannan gyara a da ya raunana, manyan hukumomi kuma ba za su iya kai wa kowane gari ba. Kwamitin gari shi ne zai maye gurbin, in ya haɗa ikon hukuma da sarauta da ilimin malamai da gwanintar magina, ya riƙe rajista, ya rarrabe daraja, ya sa wa kowa ƙa'ida guda, ya tsaya kan gyara, ya kuma tsare haƙƙin mai gida.

Tambayoyi

1. Wane muhimmin abu ne ya faru a Sifawa a 1812, kuma wane ne yake zaune a Boɗinga a lokacin?
2. Faɗi abubuwan da ake haɗa laso da su, ka bayyana sana'ar da kowanne yake fitowa daga gare ta.
3. Me ya sa shafen siminti yake cutar da bangon ƙasa?
4. Wace shawara Imamu Malik ya ba halifa, kuma wace ƙa'ida ce ta fiƙihu take ƙarƙashinta?
5. Kawo ayyuka huɗu na kwamitin gari. Wanne ne ka ga ya fi wuya a garinku, kuma don me?
6. Da kai ne babban magadan nan, za ka karɓi sulhun da aka yi? Kawo hujjarka.

Aikin gida

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi tsohon gini ko rijiya ko bishiya guda a unguwarsu, ya nemi izinin mai shi ko mai unguwa, ya auna ta da taku, ya tambayi dattijo ko dattijuwa wanda ya gina ko ya haƙa ko ya dasa ta, da zamanin wane hakimi aka yi, da ranar da aka yi mata gyaran ƙarshe. Ku rubuta abin da kuka samu a shafi guda, ku kawo aji mako mai zuwa, a haɗa shafukan a miƙa wa hakimi.